Darasi na Tara: Kalmar "Declare" a Kotu, a Filin Jirgi da a Bakin Baturen Zaɓe

Manufofin darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. faɗin ma'anar kalmar Turanci *declare*, da furta ta daidai;
2. bayyana hanyar da ta biyo daga harshen Latin har ta shigo takardun ofisoshinmu;
3. gina jimla da ita ta hanyoyi uku;
4. bambanta ta da *say*, *announce* da *claim*;
5. sanin abin da ya hau kan mutum idan ya sa hannu a ƙarƙashin *I declare*.

1. Me kalmar take nufi?

Da asubahin ranar 1 ga Afrilu, 2015, shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa, Farfesa Attahiru Jega, ya zauna a Abuja ya karanto jimillar ƙuri'un da kowane ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu. Labarin bai zo wa kowa a ba-zata ba. Tun da yammacin ranar da ta gabata an tattara sakamakon kusan dukkan jihohi, har Shugaba Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya ya taya shi murna. Duk da haka, a idon doka Najeriya ba ta sami zaɓaɓɓen shugaba ba sai da Jega, a matsayinsa na babban baturen zaɓe, ya ambaci sunan Buhari ya ce *is hereby declared the winner*. Gidajen rediyon Hausa suka ɗauka: an ayyana Buhari a matsayin wanda ya lashe zaɓe.

*Declare* na nufin faɗin abu a fili, a hukumance ko da nauyin rantsuwa, yadda ba za a bar ƙofar shakka ba, kuma mai faɗin ya ɗauki alhakin abin da ya fito daga bakinsa. A Hausa aikin nan ya rabu tsakanin kalmomi da yawa, kowace da mazauninta. Ana ayyana wanda ya ci zaɓe, ana shelanta yaƙi, ana kafa dokar ta-ɓaci, ana bayyana kadarori.

> AKWATIN MA'ANA
> *Declare*: aikatau. Faɗin abu a fili kuma a hukumance, tare da ɗaukar nauyinsa. Ayyana, shelanta, bayyana.
> *Declaration*: suna. Maganar da aka ayyana, ko takardar da ke ɗauke da ita.
> *Declarant*: suna. Mutumin da ya yi bayanin ya sa masa hannu.

Bahaushe ya san irin wannan magana tun daga ƙofar gida. A wurin ɗaurin aure kowa ya san ango, ya san amarya, an biya sadaki, goro da alewa suna nan a faranti. Amma aure bai ɗauru ba sai wakilin ango ya nema, waliyyi ya ce ya bayar, wakili ya ce ya karɓa, a gaban shaidu. Da wani zai tsaya a bakin layi ya maimaita waɗannan kalmomi, babu abin da zai ɗauru. Haka *declare* take: tana bukatar mutumin da ya dace, da wurin da ya dace, da masu shaida. Wani malamin falsafa na Jami'ar Oxford, J. L. Austin, ya yi dogon nazari kan kalmomin da faɗinsu shi ne aikata su, a laccocin da ya gabatar a 1955, waɗanda aka buga a littafi a 1962 bayan rasuwarsa.

2. Daga ina ta fito?

Tushen kalmar yana cikin Latin, harshen Rumawa na da. Suna da sifa *clarus*, wadda suke faɗa wa abu mai haske da ido ke gani tar, ko muryar da kunne ke ji raɗau. Daga ita suka samar da aikatau *clarare*, wato haskakawa. Da suka liƙa ɗafa-goshi *de-* don ƙarfafa ma'ana, sai aka sami *declarare*: a haskaka abu sarai, a fito da shi fili.

> AKWATIN MA'ANA
> Tushen kalma: ainihin ɓangaren da ke ɗauke da ma'ana, wanda sauran kalmomi ke tsirowa daga gare shi.
> Ɗafa-goshi: ɗan ƙarin da ake liƙa wa kalma a farkonta, kamar *ma-* a cikin *manomi*.

Latin shi ya haifi Faransanci, kuma ta wannan hanya kalmar ta isa Ingila. A shekarar 1066 Wiliyam, sarkin yankin Normandi da ke arewacin Faransa, ya tsallaka teku ya ci Ingila da yaƙi. Har kusan shekara ɗari uku bayan haka, Faransanci ne harshen fada da na kotu, Turanci kuwa aka bar wa manoma da 'yan kasuwa. A 1362 majalisar Ingila ta yi doka cewa a riƙa yin shari'a da Turanci, saboda yawancin jama'a ba sa jin abin da ake faɗa a kansu a gaban alƙali. A hankali lauyoyi suka koma Turanci, amma da guzurin kalmomin Faransanci a hannu. *Court*, *judge* da *justice* duk daga can suka zo. A cikin wannan ƙarni na 14 ne aka fara ganin *declare* a rubuce-rubucen Turanci. A lokacin ma'anarta ta fi kusa da fayyacewa, kamar yadda malami ke fayyace wa almajiri karatu. Sannu a hankali ta koma kalmar sarakuna, alƙalai da masu karɓar kuɗin fito.

A 1835 Ingila ta yi wata doka da ta ba da damar maye gurbin rantsuwa da rubutaccen bayani a al'amura da yawa. Irin wannan takarda ita ake kira *statutory declaration*, kuma Turawan mulkin mallaka sun zo da salonta Najeriya tare da kotunansu. Hausawan Nijar kuwa sun haɗu da kalmar ta wata ƙofar, ta Faransanci: wanda aka yi wa haihuwa a Maraɗi ko Damagaram zai je ya yi *déclaration de naissance*, wanda katinsa ya ɓata ya je wurin 'yan sanda ya yi *déclaration de perte*. Kalma ɗaya ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

*Clear* da *clarify* su ma jikokin *clarus* ne. Wannan dangantaka ce ke yaudarar masu rubutu da yawa su rubuta *declear*. Kuskure ne. Daidai shi ne *declare*, sunan kuma *declaration*, inda harafin *e* na ƙarshe ya faɗi.

3. Furuci da ginin jimla

A Turanci *declare* gaɓa biyu ce, ana danna ta biyu: di-KLEA. *Declaration* gaɓa huɗu ce, ana danna ta uku: dek-la-REI-shan. Harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon gaɓa, don haka yakan cusa wasali a tsakani, har kalmar ta zama dikilareshan a harabar kotu. Babu laifi a hira, amma mai magana da Turanci ya kula da inda ake dannawa.

Sigoginta masu sauƙi ne: *declare* ko *declares* a yanzu, *declared* a shuɗaɗɗen lokaci, *declaring* ga aikin da ke gudana. Hanyoyi uku ake gina jimla da ita.

Ta farko, kalmar ta biyo da sunan abu: *The government declared a public holiday.* Gwamnati ta ayyana ranar hutu.

Ta biyu, ta biyo da *that* sannan cikakkiyar jimla: *I declare that this information is true.* Na bayyana cewa wannan bayani gaskiya ne. Wannan ita ce jimlar da ke ƙasan fom ɗin banki, na neman aiki da na neman fasfo, kusa da layin sa hannu.

Ta uku ta fi ba ɗalibai wahala. Kalmar takan biyo da mutum ko abu, sannan sabon matsayinsa: *The police declared him wanted.* 'Yan sanda sun shelanta nemansa ruwa a jallo. *The court declared the election void.* Kotu ta soke zaɓen. Saboda Hausa tana cewa "a matsayin", ɗalibi yakan so ya cusa *as* a tsakani. Ana jin hakan a bakin 'yan Najeriya da yawa, amma Turancin littafi bai bukace ta ba. Jaridu kuma sukan juya jimlar su ɓoye mai aikin, kamar yadda Hausa ke cewa "an": *He was declared the winner.*

4. Idan maganar ta fito daga sama

Ana amfani da kalmar ta manyan fuskoki biyu. Amfani na farko shi ne na masu iko, inda magana ɗaya ke sauya matsayin mutum, ko gari, ko ƙasa. Ranar 4 ga Yuli, 1776, wakilan yankuna 13 da Birtaniya ke mulka suka amince da *Declaration of Independence* a Filadelfiya, takardar da Amurka ke lissafin haihuwarta da ita. Ranar 3 ga Satumba, 1939, Birtaniya ta shelanta yaƙi a kan Jamus. Ranar 10 ga Disamba, 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a birnin Paris da *Universal Declaration of Human Rights*, kundin haƙƙin ɗan Adam mai sassa 30, wanda akwai fassararsa da Hausa.

A gida ma misalan suna da yawa. Duk shekara, idan kwamitin ganin wata ya tantance shaidu, Sarkin Musulmi yakan yi jawabi, jaridun Turanci su buga *Sultan declares* a kanun labarai, a tashi da azumi ko a sha ruwa. A watan Mayun 2013 Shugaba Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa, Turanci ya ce *declared a state of emergency*. Sashe na 305 na tsarin mulkin 1999 ne ya ba shugaban ƙasa wannan iko, bisa sharaɗin samun amincewar Majalisar Tarayya. Ranar 20 ga Oktoba, 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya ta rabu da cutar Ebola. Ba ta yi gaggawa ba: sai da ta jira kwana 42 ba a sami sabon kamu ba, wato ninki biyu na kwana 21 da cutar kan iya ɓuya a jikin mutum. Hukumar da ta san nauyin kalmar takan tara hujja kafin ta buɗe baki.

Kanawa ba za su manta da Maris ɗin 2019 ba, lokacin da aka ce zaɓen gwamna *was declared inconclusive*, wato bai kammalu ba. Ƙa'idar a lokacin ita ce, idan ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu rajista a rumfunan da aka soke ba, sai an sake zaɓe a waɗannan rumfuna. Tun daga nan inkonkulusib ta zauna daram a bakin mutane, ana faɗa wa ciniki da neman aure ma.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, kalmar ba ta aiki a bakin wanda ba shi da hurumi. A watan Afrilun 2023, ana tsaka da tattara sakamakon zaɓen gwamnan Adamawa, kwamishinan zaɓe na jihar ya tashi ya ayyana Sanata Aishatu Binani a matsayin wadda ta yi nasara. Hedikwatar hukumar zaɓe ta soke wannan sanarwa nan take, domin doka ta ɗora aikin ne a kan baturen zaɓe kaɗai. Bayan kwana biyu aka kammala lissafi, baturen zaɓe ya ayyana Gwamna Ahmadu Fintiri.

5. Idan maganar ta fito daga ɗan ƙasa

Wannan ɓangaren ya fi shafar ɗalibin wannan aji. A nan babu wanda ake naɗawa ko saukewa. Hukuma ce take cewa mutum ya fito da abin da shi ya sani, ya sa hannu, idan ya yi ƙarya kuma ya amsa.

Misali na farko: takardar shekaru. Wata mata da aka haifa a gida, a ƙauye, ba ta da takardar haihuwa, ga shi ana nema a wurin aiki. Aka ce ta je babbar kotu ta yo *declaration of age*. Tun da mutum ba ya shaidar ranar haihuwarsa da kansa, sai ta tafi da baffanta. Magatakarda ya miƙo takarda mai wannan jimla:

*I, ........, do solemnly and sincerely declare that ........ is my niece and was born on ........ at ........*

"Baffa, ga inda za ka sa hannu," in ji ta.

"Dakata tukuna, 'yata. Malam, a karanta mini da Hausa in ji."

Magatakarda ya ce, "To, Baba. Cewa aka yi, kai wane, ka bayyana da gaske, tsakani da Allah, cewa wance 'yar ɗan'uwanka ce, an haife ta rana kaza a gari kaza. Ka tabbata da shekarar?"

"Na tabbata. Da damina ne, shekarar da aka yi canjin kuɗi zamanin mulkin soja na Buhari."

An yi wannan canjin kuɗi a 1984, don haka aka rubuta 1984. Baffa ya sa hannu a kan layin *declarant* a gaban jami'in rantsarwa, aka buga hatimi.

Tsohon ya yi abin da ya kamata kowa ya yi: bai sa hannu ba sai da ya ji abin da takardar ta ƙunsa. Yin bayanin ƙarya a irin wannan takarda laifi ne da doka ke hukuntawa. Masu rage shekaru don neman aiki kuwa sukan ga sakamakon daga baya, ranar da shekarun da ke takardar kotu suka saɓa da na lambar NIN, ko na BVN, ko na takardar firamare, kuɗin fansho ya maƙale ana ta zirga-zirgar gyara.

Misali na biyu: filin jirgi. Wani ɗan kasuwa ya sauka daga Dubai da akwatunan wayoyi. A filayen jiragen sama da yawa na duniya, bayan ɗaukar kaya akwai hanyoyi biyu. Mai koren allo an rubuta mata *Nothing to declare*, ta wanda ba shi da abin bayyanawa. Mai jan allo an rubuta *Goods to declare*, ta wanda ya ɗauko hajar da ake biya wa kuɗin fito.

Jami'in kwastan ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. *Anything to declare?*"

Amsar da ta dace ita ce, "*Yes, I have goods to declare.*" Bin koriyar hanya kanta magana ce, ko da mutum bai buɗe baki ba: ya ce ba shi da komai. Idan aka buɗe akwati aka ga haja, ya shiga sahun masu fasa-ƙwauri.

Haka batun kuɗi yake. Dokar Najeriya ta wajabta wa duk wanda zai shiga ko zai fita da tsabar kuɗin da suka haura dala 10,000, ko kwatankwacinsu, ya bayyana wa kwastan. Mutane da yawa suna ɗauka ɗaukar kuɗin ne aka hana, sai su ɓoye a cikin kaya. Ɓoyewar ita ce laifin, kuma hukuncinta ya kai ƙwace kuɗin, ko ɗauri, ko duka biyun.

Misali na uku: kadarori. Tsarin mulkin 1999 ya ce ma'aikacin gwamnati ya cika *assets declaration form* ya miƙa wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin da ya kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da ranar barin kujera. Zai lissafa gidaje, filaye, kuɗi da basussuka, har da na 'ya'yansa da ba su kai shekara 18 ba kuma ba su yi aure ba. A 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya wuce abin da doka ta nema, ya fitar da nasa bayanin kowa ya gani.

> AKWATIN MA'ANA
> *Statutory declaration*: rubutaccen bayani da ake sa wa hannu a gaban jami'in rantsarwa.
> *False declaration*: bayanin ƙarya a takardar hukuma.
> *Undeclared*: abin da ya kamata a bayyana amma aka ɓoye.

6. Ita da maƙwabtanta

*Say* ita ce "ce" ta yau da kullum, kowa na iya amfani da ita a kan komai. *State* faɗi ne a tsanake, dalla-dalla, kamar bayanin da ake rubutawa a caji ofis. *Announce* sanarwa ce, kai labari ga jama'a. Mai sanarwa zai iya zama ɗan aike kawai, kamar sanƙira. *Claim* iƙirari ne da ba a tabbatar ba tukuna.

Ga kanun labarai uku a kan mutum ɗaya:

*The candidate said he was happy.* Ɗan takarar ya ce yana farin ciki.
*The candidate claimed victory.* Ɗan takarar ya yi iƙirarin nasara.
*The candidate was declared the winner.* An ayyana ɗan takarar a matsayin wanda ya yi nasara.

Mai karanta jarida da bai bambanta na biyu da na uku ba zai iya fita murna kafin lokaci. A na biyu ɗan takara ne ke yabon kansa, a na uku hukuma ce ta yi magana.

Akwai kuma wani amfani da 'yan Najeriya suka ƙirƙira. Idan matashi ya sami kuɗi, abokai sukan ce ya zo ya yi musu *declare*, wato ya saya wa kowa abinci ko lemo. Wannan na majalisar hira ne, ba a sa shi a wasiƙar ofis ko a jarrabawa.

Tambayoyin bita

1. Mene ne ma'anar *declare*? A kawo kalmomin Hausa uku da ake fassara ta da su.
2. Me *clarus* ke nufi a Latin, kuma ta wane harshe *declare* ta shiga Turanci?
3. Me ya faru a Ingila a 1066 da kuma 1362 da ya shafi harshen kotu?
4. A gyara wannan jimla: *The goverment decleared him as wanted.*
5. A cike gurbi da *declare*, *declared* ko *declaration*:
 a. *I have nothing to ........*
 b. *She signed the ........ yesterday.*
 c. *The election was ........ inconclusive.*
6. Me ya sa aka soke sanarwar farko ta zaɓen gwamnan Adamawa a 2023?
7. Matafiyi yana ɗauke da dala 15,000. Me doka ta ce ya yi a filin jirgi?
8. A fassara zuwa Turanci: "Na bayyana cewa wannan bayani gaskiya ne."
9. Mene ne bambancin *claimed victory* da *was declared the winner*?

Aikin gida: Kowane ɗalibi ya nemo fom ɗaya na banki, ko na makaranta, ko na neman aiki, ya kwafo jimlar da ke ɗauke da *declare* ko *declaration* a littafinsa, ya rubuta fassararta da Hausa a ƙasa. Jimlar kaɗai ake bukata. Kada a kwafo suna, lambar asusu ko lambar waya. A zo da littafin aji na gaba, za a karanta tare.